Tsumburbura da Dirki: abin da za a nuna wa baƙo a cikin ganuwa

Wani mai karatu ya aiko da tambaya. Ya ce a Landan akwai masu jagora da ke karɓar kuɗi, su zaga da baƙi lungu-lungu cikin dare suna nuna gidajen da aka ce fatalwa na fitowa, shin Kano ba ta da irin wannan? Tana da abin da ya fi shi, sai dai namu labarin na iskoki ne da sarakuna.

Duk wanda zai ja irin wannan zagaye, daga gindin dutsen Dala zai fara. Kundin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ce Tsumburbura, abar bautar mutanen wurin, na zaune ne a cikin wata bishiya da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, jagoran bautarta. Jama'a kan zo da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, shi kuma ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Yara masu raka baƙi kan ce a saman dutsen take. Kundin ya nuna saukowa Barbushe yake yi kafin ya je wurinta, kuma ni nan na fi karkata. Sarki Tsamiya (1307–1343) ne ya fasa katangar.

Inda ya kamata a daɗe a tsaye shi ne ƙofar Gidan Rumfa, wato fadar sarki, saboda Dirki. Tun zamanin Muhammadu Zaki (1582–1618) fada ke riƙe da wani abu naɗe cikin fatu da ake kira Dirki, ana yi masa yanka. Da yunwa ta tsananta a zamanin Muhammadu Alwali, wanda ya hau gado a 1781, sai manyan gari suka nemi shanu arba'in domin Dirki. Alwali ya hana. Ya sa samari suka sassare fatun da gatura, sai ga Alƙur'ani a ciki. Nan take aka yi masa baki cewa yadda ya fitar da Littafin, haka shi ma za a fitar da shi daga ƙasar.

A nan ake saɓani. Masu bin tsohuwar al'ada sun ce bakin nan ne ya kama shi. Masu kallon zamanin ta fuskar jihadi kuwa sun jera shi cikin sarakunan Haɓe masu haɗa Musulunci da tsafi, suka wuce. Ina ganin duka biyun ba su yi masa adalci ba. Mutumin da ya tsaya gaban fadawansa cikin yunwa, ya ƙi zubar da jinin dabba ga ƙunshin fata, ya kuma tone abin da aka shafe kusan shekara 200 ana tsoro, ya cancanci a ambace shi da wannan aikin. Rundunar jihadi ce ta kore shi, aka ci shi a Ɗan Yaya, aka kashe shi a Burumburum a 1807.

Bayansa Dirki ya ɓace daga fada, 'yan bori suka ci gaba da harkarsu a bayan fage. Kurmin Jakara da magabata ke shakkar sare ko reshensa ya zama kasuwa da magudanar ruwa. Daga Dala a bi ta Kurmi zuwa fada, a ƙare a Gidan Makama, tafiya ce ta yamma ɗaya a ƙafa.