Tallafin karatun jami'a a Faransa: yadda ɗalibin ajin Terminale ke neman bourse

Bourse sur critères sociaux kuɗi ne da gwamnatin Faransa ke bai wa ɗaliban da iyayensu ba su da ƙarfin ɗaukar nauyin karatun gaba da sakandare. Hukumomin Crous ne ke karɓar takardun. Samun iyali ake dubawa, ba makin jarrabawa ba.

Lokacin nema

Ba a jiran sakamakon BAC. Ɗalibi yana cike fom ɗin Dossier social étudiant (DSE) tun yana ajin Terminale, a shafin messervices.etudiant.gouv.fr, daga watan Maris zuwa 31 ga Mayu. Rajistar Parcoursup daban take, ba ta maye gurbin DSE. Wanda ya makara zai iya nema, amma kuɗinsa kan yi jinkirin fitowa, kuma a watan Satumba ne kuɗin haya da na littattafai ke haɗuwa.

Sharuɗɗa

Mai nema karo na farko dole ya kasance ƙasa da shekara 28 a ranar 1 ga Satumba. Ana buƙatar lambarsa ta ɗalibi (INE) da takardar harajin iyaye, wadda ke nuna samunsu na shekara 2 da suka wuce. Ana kuma ƙara masa maki idan yana da ƙanne ko yayye a hannun iyaye, ko makarantar ta yi nisan kilomita 30 zuwa sama da gida.

Adadin kuɗin

Matakai 8 ne, daga 0 bis zuwa 7. A shekarar karatu ta 2024-2025, mafi ƙanƙanta yuro 1,454 ne a shekara, wato kusan sefa dubu 954, mafi girma kuma yuro 6,335, sama da sefa miliyan 4. Ana biya wata-wata har sau 10. An kuma yafe wa mai bourse kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati da kuɗin CVEC. Amsar farko ta wucin gadi ce; sai ɗalibi ya yi rajista a makaranta take tabbata. Wanda ya daina zuwa aji ko jarrabawa, ana iya tsayar da biyansa har a ce ya mayar da abin da ya karɓa.

'Yan ƙasashen Afirka

Nan ne iyalai da yawa ke kuskure. Ɗan Nijar, Kamaru ko Chadi sai yana da takardar izinin zama, ya shekara 2 a Faransa, kuma iyalin da yake ƙarƙashinsu sun shekara 2 a rajistar harajin ƙasar. Wanda aka ba matsayin ɗan gudun hijira ba ya cikin wannan sharaɗi. Ɗalibin da ya ci BAC a gida ya taho da bizar karatu ba ya samun wannan tallafi, don haka sai ya nemi na ƙasarsa tun kafin tafiya. A Nijar, hukumar ANAB ce ke kula da shi.