Akwatunan Timbuktu da ƙungiyar da ta tsirar da su

A shirin tarihi na wannan mako mun leƙa ƙasar Mali, garin Timbuktu, wanda fataken da ke kira Tambutu. Sunansa ya kai ko'ina, amma garin kansa ba wani babba ba ne, gidajen ƙasa ne a bakin Sahara.

Dukiyarsa littattafai ne rubutun hannu: fiƙihu, lissafi, ilimin taurari, magani, wasiƙun 'yan kasuwa, har da takardun gado da na bashi. Mafi yawansu da Larabci suke, wasu kuma da ajami. Gwamnati ta buɗe Cibiyar Ahmed Baba a 1973 don tattara su, sai dai mafi yawan littattafan suna gidajen mutane, kowane gida na ɓoye nasa. Kuma ba a ga laifinsu ba. Bayan sojojin Maroko sun ci garin a 1591, an kwashe malamai, har da shi Ahmed Baba, aka kai su Marrakesh. Zamanin Faransa ma mutane sun riƙa binne littattafai a rami don gudun kada a ƙwace. To amma ɓoyo ma yana da nasa ta'adi, don gara da ƙura ba su san darajar takarda ba.

A nan ne Abdel Kader Haidara ya shigo. Ya gaji littattafan mahaifinsa, Mamma Haidara, ya kuma yi shekaru yana bin ƙauyuka yana nemo wa cibiyar littattafai, wani lokaci ma da dabbobi yake biyan masu su. A wannan yawo ya gane abu guda: mutum zai iya barin a gyara littafin kakansa, amma ba zai so a raba shi da shi ba. Don haka a 1996 aka kafa ƙungiyar SAVAMA-DCI, ta gidajen da suka gaji littattafai. Tsarinta mai sauƙi ne. Littafinka yana hannunka, ƙungiya ta taimaka da gyara, da rubuta sunan kowane littafi a rajista, da neman tallafin gina ɗakin karatu. Na gidan Haidara an buɗe shi a 2000, wasu gidajen ma suka buɗe nasu, ɗalibai da baƙi suka fara ganin abin da a da sai dai su ji labari.

Sai 2012 ta zo. A watan Afrilu 'yan bindiga suka kama garin, daga baya suka hau rusa hubbaren waliyyai. 'Yan ƙungiya suka sayi akwatunan ƙarfe, suna cika su da dare, suna rarraba su gida-gida. Da abin ya ƙara tsananta, aka fara fitar da su kaɗan-kaɗan, a motoci da amalanke da jiragen ruwa ta Kogin Neja, har Bamako. An ƙiyasta waɗanda aka fitar sun kai 350,000. A Janairun 2013, da 'yan bindigar za su gudu, sun ƙone kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmed Baba.

Ana yawan ba da wannan labari kamar jarumtar mutum ɗaya. Ni dai a ganina amanar da aka shekara 16 ana ginawa ita ce ta yi aiki. Wa zai miƙa gadon kakansa ga wanda bai sani ba, cikin dare, ba ko takardar shaida?

Bamako kuwa ta zo da tata matsalar, wato laima, abin da takardun hamada ba su saba da shi ba. Sai da aka nemi na'urorin busar da iska, aka yi wa littattafai kwalaye, aka shiga ɗaukar hotonsu shafi-shafi. A 2022 aka ɗora shafuka sama da 40,000 a intanet tare da kamfanin Google, a Agustan 2025 kuma aka fara mayar da wasu littattafan gida Timbuktu.

Bayan na gama haɗa shirin nan, na je gida na roƙi kawuna ya buɗe mini adakar kakanmu. Da ƙyar ya yarda. Mun tarar gara ta ci gefen takardun da ke ƙasa, na sama kuwa lafiya lau, har da wata wasiƙa da ajami kan cinikin goro. Duk wanda ke da irin wannan adaka a gidansu, ya aiko mana da saƙo, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.