Allurar tarin fuka: shekara ɗari da rigakafi guda

Wannan ɗan tabo da yawancinmu ke da shi a hannu tun muna jarirai, na allurar BCG ne, rigakafin tarin fuka. Yau ga tarihinta.

Ranar 24 ga Maris 1882 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya bayyana a Berlin cewa ya gano ƙwayar da ke kawo cutar. Shi ya sa duk shekara ake tunawa da tarin fuka a wannan rana.

Daga baya Faransawa biyu, Albert Calmette da Camille Guérin, suka fara aiki a cibiyar Pasteur ta birnin Lille a 1908. Sun ɗauko ƙwayar tarin shanu, suna renonta kan yankakken dankali da ruwan matsarmamar sa. Sau 230 suna sake mata wuri, cikin shekara 13, har ƙarfinta ya karye. A 1921 aka fara ba wani jariri a Paris wanda tarin ya kashe mahaifiyarsa. Ta baki ma aka ba shi.

Sai a 1930 a garin Lübeck na Jamus, jarirai fiye da 70 suka rasu bayan rigakafin. Bincike ya nuna ƙwayar mai kisa ce ta gurɓata maganin a ɗakin da aka haɗa shi, amma tsoron ya daɗe a zukatan mutane.

To, ga inda matsalar take. BCG tana kare yara ƙanana daga tarin da ke hawa ƙwaƙwalwa ko ya bazu a jiki, amma ba ta cika kare huhun manya ba, alhali manya ne suka fi yaɗa cutar. A 2023 kaɗai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 10.8 suka kamu, kimanin miliyan 1.25 suka mutu.

An gwada wata sabuwa, MVA85A, kan jarirai a Afirka ta Kudu. Sakamakon 2013 ya nuna ba ta ƙara komai ba. Wata kuma, M72 ta kamfanin GSK, an gwada ta a Kenya, Zambiya da Afirka ta Kudu. A 2019 aka ga ta rage kamuwa da kusan rabi ga manya masu ɗauke da ƙwayar. Babban gwajinta ya fara a 2024, da kuɗin gidauniyar Gates da Wellcome.

Kafin ta iso Maraɗi ko Damagaram, akwai sauran jira. Don haka a kai jariri likita a yi masa BCG da zarar an haife shi. Wanda tarinsa ya wuce sati biyu ya je a auna majinarsa, in an ɗora shi kan magani ya cika wata 6 ɗinsa. Allah ya ba mu lafiya.