Zaman makoki

Zaman makoki al'ada ce ta Hausawa inda iyalan mamaci ke zama a gida na wasu kwanaki bayan jana'iza, domin karɓar gaisuwa daga 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki. Manufarsa ita ce a yi wa mamaci addu'a, a kuma rage wa waɗanda aka yi wa rashi raɗaɗi, kada a bar su su kaɗai da baƙin ciki.

Asalin kalma

Kalmar "makoki" ta fito ne daga aikatau "koka", aka yi mata ɗafa-goshin "ma-" irin na makaranta da masallaci, wato wurin da ake kokawa. Ita kuwa "ta'aziyya" aro ce daga Larabci, ma'anarta ba da haƙuri. Hausawa kan kauce wa kalmar "mutu" a gaban masu rashi, sai su ce wane ya rasu, ya cika, ya kwanta dama, ko ya riga mu gidan gaskiya. Daga "rigaya" ne aka samo marigayi da marigayiya.

Yadda ake zaman

Ana fara zaman da zarar an dawo daga maƙabarta, galibi a ranar da aka yi rasuwar. Maza kan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ko a zaure, mata kuma su zauna a cikin gida. Duk ayarin da ya iso sai ya zauna, a yi salatin Annabi da addu'a, a shafa, sannan a gaisa.

Gaisuwar tana da tsayayyun kalmomi. Akan ce "Ya haƙuri?", a amsa "Da godiya." Sai a biyo da "Allah ya jiƙansa," "Allah ya raya abin da ya bari," da "In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani." Idan ƙaramin yaro ne ya rasu, akan ce wa iyayensa "Allah ya sa mai ceto ne." Waɗannan kalmomi na sauƙaƙa wa mai gaisuwa da mai karɓa, a lokacin da magana ke da nauyi a baki.

Maƙwabta da dangi su ke kawo abinci gidan makoki. Wannan ya dace da umarnin Annabi (SAW) na a yi wa iyalan Ja'afar ɗan Abi Ɗalib abinci, bayan ya yi shahada a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira.

Kuka da haƙuri

Musulunci bai hana zubar da hawaye ba, domin Annabi (SAW) kansa ya yi hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa, yaga tufafi da dukan jiki. Hadisi ya taƙaita nuna alhini ga kwana 3, in ban da matar da mijinta ya rasu.

Sadaka da saɓanin malamai

A al'ada akan yi sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in, inda ake taruwa a yi addu'a, a raba gumba, waina ko goro. Malamai sun saɓa a kan haka. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, tana ɗaukar ware waɗannan ranaku a matsayin bidi'a, yayin da malaman ɗariƙu da dama ke ganin sadaka ce da ladanta ke isa ga mamaci. Wasu kuma na kokawa da yadda ciyar da baƙi ke zama nauyi ga iyali, har a taɓa dukiyar marayu. A yau gidaje da yawa kan tashi daga zaman bayan addu'ar uku.

Takaba

Matar mamaci takan shiga takaba na wata 4 da kwana 10, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta tanada. Mai ciki kuwa iddarta na ƙarewa da haihuwa. A wannan lokaci takan zauna a gidan mijinta, ta bar kwalli, lalle, turare da kayan ado, kuma ba a ɗaura mata aure.

Bayan an watse

Masu rashi kan fi jin kewa bayan an naɗe tabarmi, kowa ya koma harkarsa. Rashin barci, rashin cin abinci da yawan tunani abubuwa ne da aka saba gani, kuma sukan ragu a hankali. Ziyarar dangi, addu'a da komawa sana'a na taimakawa. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya matsanancin alhinin da ya zarce wata 6 yana hana mutum gudanar da rayuwarsa cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Wanda ya kai wannan hali yana buƙatar ganin likita.