Tunjere, Cutar da ke Shigar Burtu

Da Turawa suka maido da mazaunin sarauta daga Nafaɗa zuwa Gombe Doma a 1919, garin ya fara cika da baƙi. Kakanninmu suka yi ta tahowa daga Kano, Katsina da Zazzau, wasu fatauci, wasu cinikin auduga. Daga baya jirgin ƙasa ya iso a shekarun 1960. To, duk inda jama'a ta taru, ciwo ma yakan biyo sawu. Cikin cututtukan da dattawa ba sa ambata sai da murya ƙasa-ƙasa har da tunjere.

Ba abin da ya wahalar da wanzamai da masu maganin wancan zamani irin shigar burtun da take yi. Da fari ɗan gyambo ne a al'aura, ba zafi, ya warke da kansa. Bayan 'yan makonni sai ƙuraje su feso a jiki, har tafin hannu da tafin ƙafa, galibi ba ƙaiƙayi. A baƙar fata ma da ƙyar ake ganinsu. Wani gashin kansa ke zubewa wuri-wuri, a ce makero ne. Wani zazzaɓi da kaluluwa, wani miki a baki, wani kuwa ido ko hanta ta taɓa. Wannan ya ce ƙazuwa, wancan ya ce kuturta, wata ta ce sammu.

Nan ne tarkon yake: ƙurajen kan ɓace ko ba a sha komai ba. Sai a yaba wa jiƙo, alhali cutar ta lafe ne cikin jini. Bayan shekaru ta taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa. Mace kuwa ta yi ta ɓari, ana ɗora wa iska ko kishiya.

Likitocin Turai ma sun sha wannan ruɗu tun ɓarkewarta a Italiya a 1495. Sai a 1905 aka gano ƙwayar cutar a Jamus, gwajin jini ya biyo a 1906, aka fara warkar da ita da fenisilin a 1943.

Jama'a, abin da kakanninmu suka rasa, mu yana hannunmu. Yau a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe gwajin jini kan tona asirinta, in kuma sabuwa ce allura ɗaya kan wadatar. Mai juna biyu kada ta yi wasa da awo, maigida kuma a gwada shi tare da ita. Mai ɓoye ciwonsa, ai ciwon ne zai tona shi.