Zagayen Haihuwar Tsutsar Ƙwallon Auduga da Turjiyarta ga Maganin Feshi a Afirka ta Yamma

Tsutsar ƙwallon auduga, wadda masana ilimin ƙwari ke kira Helicoverpa armigera, ɗiya ce ta wani nau'in malam-buɗe-littafi mai tashi da dare, kuma tana cikin ƙwarin da suka fi yi wa auduga ɓarna a Afirka da Asiya da Ostareliya. Macen takan saka ƙwai ɗai-ɗai a kan ganye da fure, yawansu kan haura 1,000 a tsawon rayuwarta, sannan tsutsar da ta ƙyanƙyashe ta huda ƙwallon ta cinye cikinsa, bayan nan ta sauka ta shige ƙasa ta lulluɓe kanta har ta fito da fukafukai. A yanayin zafi wannan zagaye kan kammala cikin kimanin wata guda, don haka damina ɗaya tana ɗaukar zuriya da dama a jere.

Abin da ake nufi da turjiya shi ne raguwar tasirin magani a kan ƙwaro ta hanyar gado. Duk feshin da aka yi yakan kashe masu rauni ya bar ƙalilan da jikinsu ke iya warware gubar, su kuwa waɗannan su ne iyayen zuriya ta gaba, ta yadda yawan haihuwa da gajartar zagaye ke gaggauta yaɗuwar halin. Hakan ya bayyana a gonakin audugar Benin da Burkina Faso da Mali da Kwaddibuwa a rabin ƙarshe na shekarun 1990, bayan an shafe shekaru ana dogaro da magungunan rukunin pairetroid, waɗanda manoma ke so saboda araha da saurin kisa. Gwaje-gwaje sun danganta turjiyar da ƙaruwar wasu sinadarai na cikin jikin tsutsar masu lalata guba kafin ta isa jijiya, daga baya kuma aka tabbatar da irin wannan matsala a arewacin Kamaru.

Matakin da ƙasashen suka ɗauka tun daga 1998 shi ne raba damina zango-zango. A tsarin da ya ƙunshi feshi kusan shida, mako biyu-biyu, an cire pairetroid daga feshi biyu na farko aka maye gurbinsa da endosulfan, domin zuriyar farko kada ta haɗu da maganin da ta fara sabawa da shi. Ostareliya ta riga ta bi wannan hanya tun 1983. Dabarar ta rage ɓarna, sai dai endosulfan guba ce mai tsanani wadda ta halaka mutane a karkarar Benin, har aka shigar da ita cikin jerin haramtattun sinadarai na Yarjejeniyar Stockholm a 2011.

Raunin tsarin yana cikin abin da ke faruwa da rani, kuma nan ne Ostareliya da Afirka ta Yamma suka bambanta. A kudancin yankin audugar Ostareliya, gajartar yini da sanyi kan sa tsutsar ta yi dogon barci a ƙarƙashin gonar da aka fesa, saboda haka huɗar da manomi ya yi bayan girbi tana hallaka ainihin masu ɗauke da turjiyar. A Afirka ta Yamma kuwa ƙwaron ba ya dogara da auduga kaɗai: da faɗuwar ruwa yana hayayyafa a kan ciyayin daji da masara, ya koma auduga idan ta yi fure, sannan da rani ya samu mafaka a lambunan tumatir da kuɓewa na fadamu da bakin madatsun ruwa. Masu lambu kan yi feshi akai-akai, sau da yawa da maganin da aka tanada domin auduga, wanda ya sulale zuwa kasuwa, kuma babu wani zango da ya ɗaure su. Sakamakon haka ƙwaron da aka hutar da shi daga pairetroid a farkon damina ya riga ya sha shi tsawon rani, ga shi kuma mai iya tafiya mai nisa a kan iska, wanda iyakar ƙasa ba ta tsayar da shi.

Wannan bayani ya shafi arewacin Nijeriya kai tsaye, inda audugar Funtuwa da Gusau ke yanki ɗaya da noman tumatir na rani irin na Kadawa. Amincewar da aka yi da audugar Bt a 2018, wato irin da aka sanya masa ƙwayar halittar da ke sa shi samar da gubar da ke kashe tsutsa, ba ta kawar da matsalar ba, domin ita ma guba ce da ake iya sabawa da ita, kamar yadda wata tsutsar auduga mai launin ruwan hoda ta nuna a Indiya. Duk tsarin feshin da aka shata wa manomin auduga alhali an bar mai lambu a waje, rabin zagayen ƙwaron kaɗai ya taɓa.