Inshorar Lafiya da Talakan Abuja: Waiwaye Adon Tafiya

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Sai dai a zamanin nan neman lafiya ya zama sai mai abin hannu. Manufarmu a wannan 'yar maƙala ita ce mu bi diddigin tarihin inshorar lafiya a Nijeriya, domin mu ga yadda aka yi Abuja, inda ake rattaba hannu a kan dokokinta, ta cika da bayin Allah waɗanda dokokin ba su rufa wa asiri ba.

Asalin Al'amarin

Taimakon majinyaci ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe, domin yana da gudummawar dangi da adashi da zakka. Inshorar lafiya 'yar'uwar adashi ce, wato kowa ya zuba kaɗan tun yana lafiya lau, amma sai wanda ciwo ya kayar ne zai kwasa. A ƙasar Jamus aka soma ba ta ƙarfin doka a 1883, zamanin Bismarck, kuma a kan ma'aikata masu albashi aka gina ta. Wannan tsari muka aro, kuma daga nan matsalarmu ta samo tushe.

A 1962 Ministan Lafiya, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai wa majalisa ƙudurin kafa irin wannan shiri a Legas, amma haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba. Da kuɗin man fetur ya samu a shekarun 1970, sai maganar ta kwanta, tun da magani a asibitin gwamnati yana da rahusa. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 shi ya tayar da ita: darajar naira ta faɗi, magani ya ƙare a asibitoci, likita ya koma rubuta takarda a tafi kemis. Ministoci sun yi ta kafa kwamitoci, har da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, kafin gwamnatin Janar Abdussalami Abubakar ta kafa Doka ta 35 a 1999. Duk da haka sai a 2005 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin, wato shekara 43 bayan yunƙurin farko.

Abuja da Mutanenta

Janar Murtala Muhammad ya ayyana Abuja a 1976, gwamnati kuma ta tare a cikinta a watan Disamba na 1991. An zana birnin ne da ma'aikacin gwamnati a zuci, amma ba shi kaɗai ya tare ba. Ga Gbagyi da sauran 'yan asalin wurin, ga kuma 'yan ci-rani daga Kano da Katsina da Sakkwato, masu ga-ruwa da masu shayi da masu gadi da 'yan acaɓa da leburorin gini. Akasarinsu a Mpape da Gwagwa da Karmo da Nyanya suke kwana, wasu ma sai sun tsallaka Mararraba cikin Jihar Nasarawa.

Shirin 2005 bai san da zamansu ba. An tsara uban gida ya biya kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci ya biya kashi 5. To wanda cinikinsa na yini ne, daga ina za a yanka? Hatta ga mai albashin, mace ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 aka lamunce masa, alhali kuwa mun san yadda gidajenmu suke. Daɗin daɗawa, dokar ba ta tilasta wa jiha ko kamfani shiga ba.

Abin takaici, a wannan birni ne shugabannin Afirka suka hallara a watan Afrilu na 2001, suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 3 cikin ɗari ne kacal na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke da inshora. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyata yake fita. Ga talaka, ma'anar wannan ita ce sayar da akuya ko babur, ko kuma a zauna gida sai ciwo ya ci jiki.

Yunƙurin Gyara

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Jihohi su ma sun kafa nasu hukumomin. Kano ta kira tata ta taimakekeniya, sunan da ya fi kwanta wa jama'a a rai. A watan Mayu na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta soke ta 1999, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na masu rauni, ana hasashen mutum miliyan 83.

Wajabtawa a takarda ba ta cika aljihu. Haka kuma kowace hukuma mazauna yankinta take yi wa rajista, shi kuwa ɗan ci-rani iyalinsa na Katsina, kwanansa Mararraba, nemansa Wuse. Rajistar wa zai shiga?

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna mana cewa an ɗinka rigar ne da awon mai albashi, sa'an nan ake ta ƙoƙarin sa wa talaka. Ghana ta lura da haka tun 2003, ta ɗora wa harajin kayan saye kashi 2.5 cikin ɗari domin ciyar da nata shirin. A ganinmu ita ce hanya: a biya wa marar ƙarfi daga baitulmali, a yi masa rajista ta hannun ƙungiyoyin kasuwa da na tasha da sarakunan unguwanni waɗanda suka san shi, katinsa kuma ya yi aiki a Gwagwalada kamar yadda zai yi a Funtuwa.